Koyarwar Gwaji a Ajin Naziri ga Wanda Bai Taɓa Raino Ba: Fa'idodi da Illoli

Duk shekara kwalejojin ilimi, tun daga ta tarayya da ke Katsina har zuwa ta Bichi da ta Yola, sukan rarraba ɗalibansu cikin makarantu domin koyarwar gwaji, wadda ɗalibai suka fi sani da TP. Ba a ba mutum takardar NCE sai ya yi ta. Wasu a tura su firamare, wasu ƙaramar sakandare, wasu kuwa rabonsu ya faɗa ajin naziri, inda babban cikin yaran bai wuce shekara biyar ba. Irin waɗannan azuzuwa sun yawaita tun bayan da dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta shigar da kula da ƙananan yara cikin tsarinta, sannan manufar ilimi ta ƙasa, bugun 2013, ta ƙara shekara guda ta share fage kafin shiga aji ɗaya.

A ƙasar Hausa an ɗauka kowace 'ya mace ta iya raino, tunda ta goya ƙanne ko 'ya'yan yayye. Wannan zato ba ya hawa kan kowa. Akwai autar da ita aka raina, ba ta raini kowa ba. Akwai wadda ta yi shekara shida a makarantar kwana, ta fito ta zarce kwaleji. Akwai kuma samari, waɗanda yawancinsu iyakar hulɗarsu da ƙaramin yaro a ɗaga shi sama a dire. Irin waɗannan ne za a miƙa wa ɗaki cike da 'ya'yan mutane. To, me suke samu, me kuma suke jawowa kansu da yaran?

Fa'idodi

Karatun littafi yakan zama abin gani da ido. A lacca an karanta Jean Piaget, masanin nan na ƙasar Suwizalan, wanda ya nuna cewa yaro tsakanin shekara 2 zuwa 7 yana auna abu ne da yadda idonsa ya gan shi. Ɗalibi ya haddace, ya ci jarrabawa, ya manta. Ranar da ya zuba wa yara biyu kunu daidai wa daida, ɗaya a dogon kofi ɗaya a faffaɗa, mai faffaɗan ya ɓare baki wai an cuce shi, ranar zai gane abin da mutumin ke nufi. Haka zai zo da tsarin darasi na rabin awa, an ja layi da jan biro, ya tarar minti kaɗan ne yaran za su ba shi kafin wannan ya shige ƙarƙashin benci, wancan ya cire takalmi yana duba cikinsa. Dole ta sa ya gutsuttsura darasin, ya sa waƙa da tafi da tsalle, ya ƙirga da marafan kwalba da duwatsu. Gani ya kori ji.

Fa'ida ta biyu ba kowa ke lura da ita ba. Wanda bai taɓa raino ba bai zo da munanan ɗabi'un raino ba. Da yawa cikin waɗanda suka raini ƙanne a gida da dundu da ranƙwashi suka yi shi, da "yi shiru ko in kira dodo" da "ga mai allura nan zuwa". Raba mutum da abin da hannunsa ya saba ya fi wuya a kan koya wa sabo. Maria Montessori, likitar nan ta Italiya, da ta buɗe gidan yaranta na farko a wata unguwar talakawa ta birnin Rum a 1907, ba ƙwararriyar malama ta sa ta kula da ɗakin ba. 'Yar mai gadin ginin ta sa, wadda ba ta da horon koyarwa. Sai dai a riƙe wannan: Montessori tana zuwa tana lura, tana gyara, tana tsara kayan aiki. Ba ta sakar mata yaran ta yi tafiyarta ba.

Na uku, akwai ilimin da babu shi a kowace manhaja, kuma yawanci yana hannun matar da aka fi rainawa a makarantar, wato nani, dattijuwar da ke kai yara banɗaki tana wanke su. Ita ta san bambancin kukan yunwa da na barci da na neman uwa. Ita za ta hango yaro yana matse ƙafa yana rausaya ta ce, "Malama, ɗauke wancan, fitsari yake ji." Ita ta san cewa ɗan ƙiriniyar da ya lafe yau a lungu ba shiryuwa ya yi ba, a taɓa wuyansa a ji. Ɗalibin da ya sauke girman kai ya zauna kusa da ita zai fita ya san ƙurajen ƙarambau, ya san jan ido da tari da zazzaɓin da ke gabatar ƙyanda, ya san makero a kan yaro, ya san cewa mai sikila yana buƙatar ruwa akai-akai kuma ba a barinsa cikin sanyi ko wasan da ya fi ƙarfinsa. Wannan guzuri ne har gidan aurensa.

Na huɗu, mutum yakan san kansa. Wata ta shiga tana fargaba, ta fito ta gane nan ne zuciyarta take, har mai makaranta ya ce idan ta gama ta dawo. Wani kuwa ya tabbatar ba zai iya ba, ya nemi manyan azuzuwa. Ko wannan ma riba ce, domin gara a gane haka cikin 'yan watanni da a ɗauki aikin da za a yi shekara ashirin ana huce haushinsa a kan yara.

Illoli

Babbar illa ita ce haɗarin da ke kan yaran. Kuskuren malamin sakandare a gyara shi a darasi na gaba, amma na ajin naziri yana iya taɓa rai. Ƙaramin yaro komai baki yake kaiwa: gyaɗa, alewa, murfin biro, ƙwallon dabino. Wanda ya shaƙe sosai ba ya kuka, ba ya iya tari, shiru kawai zai yi, kuma sabon shiga kuka yake saurare. Ga jijjigar da zafin zazzaɓi ke kawo wa yara daga wata shida zuwa shekara biyar. Wanda bai taɓa gani ba zai ruɗe, ya bi masu cewa a tura cokali a baki ko a ɗura wani abu, alhali abin da ya kamata shi ne a kwantar da yaron ta gefe, a janye abin da zai buge shi, kada a sa masa komai a baki, a garzaya asibiti. Lokacin tashi ma tarko ne. Ɗalibin bai san fuskar iyaye ba, bai san ɗan adaidaita sahun da aka amince wa ba, sai wani ya zo ya ce, "Ni kawunsa ne, babarsa ta aiko ni."

Illa ta biyu ita ce uwar sauran: a bar shi shi kaɗai. A ƙa'ida ɗalibin TP yana aiki ne ƙarƙashin malamar ajin. A aikace, wasu malaman suna ganin zuwan 'yan TP a matsayin hutu. Sai a ji, "Tunda kin zo, bari in leƙa banki," shi ke nan sai an kusa tashi. Wasu masu makarantun kuɗi kuma sun mai da su ma'aikatan kyauta, su toshe gurbin malamin da ba su ɗauka ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta ware yara 25 ga malami ɗaya a naziri, amma ba abin mamaki ba ne a shiga makarantar gwamnati a tarar da ninkin haka a kan tabarma. Ƙwararriya ma da ƙyar take riƙe su, balle wanda jiya ya fara.

Na uku, wahalar jiki da ta zuciya. Makon farko murya ta dishe, baya ya riƙe saboda sunkuyo, murar da ta zaga aji ta sauka a kansa, ciwon ido ya biyo baya. Ga kashi da amai da majina ga wanda bai taɓa canza wa yaro wando ba. Ga shi yawanci ba a biyansa, kuɗin mota da na kwali da maka duk daga aljihunsa. Ga tunanin malamin da zai zo daga kwaleji ya ba da maki, wanda sau da yawa ya fi duba littafin tsarin darasi a kan yadda aka rarrashi mai kuka. Kunya kuma ta hana a faɗa, musamman ga mace, don kada a ce, "Ke mace guda ba ki iya yaro ba?" Idan gajiya ta haɗu da rashin dabara, abin da ke biyo baya tsawa ce da tsumagiya. Yaron da ya fara sanin makaranta da duka yana iya ɗaukar tsoronta ya tafi da shi shekaru.

Na huɗu, wofin hannun nan da muka lissafa cikin fa'idodi yana da ɗaya fuskar. Wanda bai san komai ba, abin da ya tarar shi zai ɗauka a matsayin daidai. Idan ya faɗa makarantar da ake danƙa wa ɗan shekara uku fensir a ce ya cika shafi, ana zaunar da yara awa guda suna maimaita abin da ba su san ma'anarsa ba, ana harararsu don sun yi Hausa, to da wannan zai fita, kuma shi zai shuka duk inda ya je.

Na biyar, zargi. Ƙwarzane kaɗan a goshin yaro, uwa ta zo da faɗa, kuma wanda ba shi da gata a makarantar shi ake turawa gaba. Namiji ya fi shiga wannan tsaka mai wuya, musamman kan abin da ya shafi banɗaki da canza kaya. Wasu kuma rashin sani ke sa su ɗauki hoton yara ko bidiyonsu su sa a WhatsApp ko TikTok ba da izinin iyaye ba, su jawo wa kansu abin da ba su zata ba.

Wanne ya rinjaya?

Idan aka dubi jerin biyu da kyau, za a ga fa'idodin duk sun rataya ne a kan samun babba a kusa, illolin kuwa kusan duk daga rashinsa suke. Rashin gogewa ba laifi ba ne, don a samu gogewar aka tura mutum. Wanda ake koya wa tuƙi ba a ba shi motar haya cike da fasinja a ce sai ka dawo. Ɗalibi ɗaya, idan aka kai shi makarantar da malamar aji ke zaune tana gyara masa, zai fito malami. Idan aka kai shi inda aka sakar masa aji, zai fito da tsanar aikin, ko kuma da mugun salo.

Saboda haka akwai abin da ke wuyan ɗalibi. Ranar farko ya faɗi gaskiya: "Malama, ban taɓa riƙe yara ba, ki nuna mini." Matambayi ba ya ɓata. Ya nemi a bar shi ya yi 'yan kwanaki yana kallo kafin ya karɓi darasi. Ya haddace sunayen yaran da wuri, domin "kai yaro" ba ya tsayar da kowa, amma sunan yaro yana juyo da shi. Ya tambayi wa ke da sikila, wa ke da asma, wa ke da farfaɗiya, wane ne ke zuwa ɗaukar wane. Ya ƙirga yara kafin fita tara da bayan dawowa. Ya durƙusa daidai tsayinsu idan zai yi magana, ya ba da umarni ɗaya a lokaci ɗaya. Kada ya ba yaro magani da ra'ayin kansa, kada ya keɓe da yaro a rufaffen ɗaki, kuma duk abin da ya faru, komai ƙanƙantarsa, ya sanar da malamar aji kafin iyaye su gani. Ya girmama nani, ya kira ta Iya ko Baba kamar yadda zai kira sa'ar mahaifiyarsa. Idan aka ce za a bar masa aji shi kaɗai, ya nuna rashin amincewa cikin ladabi, in abin ya ci gaba ya kai wa mai kula da TP a kwalejinsu.

Amma nauyin da ya fi girma ba a kan ɗalibi yake ba. Kwaleji ce ta san wanda ta tura, ita ya kamata ta koya wa duk mai zuwa naziri taimakon gaggawa a aikace kafin ya tafi, ta kuma daina kai ɗalibai makarantar da aka san tana sakar musu aji. Hukumar kula da kwalejojin ilimi ta ƙasa, wadda ke tsara ƙa'idojin NCE tun kafa ta a 1989, tana da ikon mai da wannan sharaɗi. Shugaban makaranta kuma ya tuna cewa iyaye shi suka ba amana, ba baƙon da zai yi wata uku ya wuce ba. Su ma iyaye suna da damar tambaya: wa ke zaune da 'ya'yanmu daga safe zuwa azahar, kuma wa ke lura da shi? Makarantar da ba ta da amsar wannan tambaya ba ta cancanci a tura mata ɗalibi ba, balle a kai mata yaro.