RA'AYINMU: Abin da Gandun Dabbobi ke koya wa talaka

Tun zamanin kaka da kakanni, idan gaskiya ta yi wa talaka nauyin faɗi a gaban mai mulki, sai ya sa ta a bakin dabba. Wannan hanya George Orwell, marubucin ƙasar Ingila, ya bi a littafinsa na 1945, wanda Malam Bala Abdullahi Funtuwa ya mayar da shi Hausa da sunan Gandun Dabbobi, aka buga a Ibadan cikin 1975.

Orwell da Tarayyar Sobiyat yake. Dabbobin da suka kori mai gandu su ne masu juyin juya hali na 1917. Aladen da ya haɗiye mulki, Maitumbi, shi ne Stalin. Ɗantulu da aka fatattaka kuwa Trotsky ne, wanda aka kora daga ƙasar a 1929, aka bi shi har Meziko aka kashe a 1940. Tarayyar Sobiyat ta wargaje a 1991, amma littafin bai tsufa ba, domin halin da ya tona bai san iyakar ƙasa ba.

A lura da yadda ɓarna ta shigo. Da madara da 'ya'yan itace aladu suka fara, kowa ya yi shiru. Da aka ƙyale wannan, sai Maitumbi ya yi kiwon karnuka a ɓoye, ya hana taron shawara. Sa'an nan Karambana, sarkin farfaganda, ya dinga bin dare yana sauya dokoki bakwai da ke jikin bango. Da yake yawancin dabbobin ba su iya karatu ba, sai suka zargi tunaninsu, suka gaskata bakinsa. Akawal, dokin da ya ƙarar da ƙarfinsa wajen aiki, da ya gaza sai aka sayar da shi ga masu yanka, aka sha giya da kuɗin.

Saboda haka muke kira ga 'yan'uwanmu mazauna Sabo, da Agege, da sauran zangunan Kudu, su riƙe abu biyu. Na farko, duk alkawarin da mai neman mulki ya yi, na kowace jam'iyya ne, a rubuta a adana, a tuhume shi da shi. Na biyu, a sa yara makaranta, manya su shiga ajin yaƙi da jahilci. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Shugaban da aka ƙyale ya sha madara, wata rana doki zai sayar.