Ra'ayinmu: A Bar Wa Mata Ragamar Asusunsu

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san cewa akwai kasuwa babba wadda ba ta da rumfa. A cikin gidaje ake cin ta, inda mata ke matsar man gyaɗa, su toya ƙuliƙuli, su dama fura, su yi saƙa da ɗinki. Da yawa daga cikinmu da ribar wannan sana'a aka saya mana littafin farko. Abin da ya daɗe yana tauye waɗannan iyaye namu shi ne ƙarancin jari, domin banki ba ya ba da rance sai da jingina, alhali yawancinsu ba su mallaki takardar fili ko ta gida ba.

Gwamnati ta sha yunƙurin share musu hawaye. A 1987 Hajiya Maryam Babangida ta ƙaddamar da shirin kyautata rayuwar matan karkara, a 1989 kuma aka buɗe Bankin Al'umma don masu ƙaramin ƙarfi. Amma da mulki ya sauya hannu sai shirin ya shuɗe, aka kawo wani a madadinsa a 1994, bankin kuwa aka haɗe shi da wasu a shekarar 2000. Abin da aka ɗora a kan kujerar mulki, da kujerar yake tafiya.

To, mu dubi maƙwabtanmu. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara aiki da matan jihar Maraɗi a Nijar, a ƙarƙashin sunan Mata Masu Dubara. Tushen abin adashi ne, amma an yi masa gyara. A adashi kowace mace sai ta jira ranar ɗibarta. A nan kuwa zubin mako-mako taruwa yake yi a asusu ɗaya, mai bukata ta ranta ta ƙara jari, ta biya, a ƙarshen zango a raba abin da ya taru. Matan da kansu suke zaɓen shugaba da ma'aji, kuma a gaban kowa ake ƙidaya kuɗi. Wannan tsari ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka, har wasu daga cikin matan da suka koyi magana a gaban taro a zaman asusu suka tsaya takara a ƙananan hukumomi, suka ci.

Darasin a fili yake. Amana ita ce jarin farko, kuma shugabar da 'yan'uwanta suka zaɓa ta san za a tambaye ta ko sisin kwabo ne ya ɓata. Ƙungiyar da wani babba ya kafa don neman ƙuri'a kuwa, da an ci zaɓe sai ta watse.

Saboda haka muna kira ga ɗalibai da matasan ma'aikata da su ba da gudummawar da ta dace da su. Mai ilmin lissafi ya koya wa ƙungiyar unguwarsu rubuta shiga da fitar kuɗi. Wanda ke ofis ya sauƙaƙa musu rajistar ƙungiyar gama-kai, kada ya sa su yi ta zarya. 'Yan'uwanmu mata masu digiri su shiga a matsayin masu zubi, su saurara kafin su yi gyara. Shugabanci dai a bar shi a hannun masu sana'ar, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.