Garmahon Kaka: A San Darajarsa Kafin A Kira Dillali

A tsofaffin gidajen ma'aikatan reluwe na Kafancan, da gidajen malaman makaranta da masu bishara na dā a Kagoro, har yanzu akan tarar da wani baƙin akwati a ƙarƙashin gado ko a bisa kabad, ƙura ta lulluɓe shi. In an buɗe sai a ga faranti mai juyawa, da mariƙin wani, da ɗan gwangwanin allurai. Wannan shi ne garmaho, wanda a zamaninsa ya tara yara da manya a ƙofar gida. Yau kuwa, da zarar mai shi ya kwanta dama, magada sukan rasa yadda za su yi da shi. Waɗansu su miƙa wa 'yan gwangwan a auna a kilo, waɗansu su sallama wa dillalin kayan tarihi a kan abin da bai taka kara ya karya ba, faya-fayin kuma a bar wa yara su yi wasa da su. Rashin sani, in ji Hausawa, shi ya sa kaza ta kwana kan dami.

Asalin wannan na'ura daga Amurka ne. A 1877 Thomas Edison ya ƙago injin da ke ɗaukar murya a jikin wani ɗan bututu, sa'an nan a 1887 Emile Berliner ya fito da dabarar faifai shimfiɗaɗɗe, wadda ita ce ta game duniya. A 1898 aka kafa kamfanin Gramophone a Landan, mai tambarin karen nan da ya kasa kunne a bakin ƙaho, watau His Master's Voice, ko HMV a taƙaice. A 1931 kamfanin ya haɗe da Columbia suka zama EMI.

Hanyar jirgi ce ta kawo garmaho wannan yanki. A 1927 layin dogo da ya taso daga Fatakwal ya haɗu da na Kaduna, aka kuma fitar da reshe zuwa Jos, Kafancan ta zama mahaɗa. Direbobi da akawuna da makanikai suka zo daga kowace kusurwa ta Nijeriya, kowa da kiɗan garinsu. A lokacin, burin mai albashi bai wuce keken Raleigh da keken ɗinki na Singer da garmaho ba, domin garmaho ba ya bukatar lantarki ko batir, wani kawai ake yi masa da hannu. A Kagoro kuwa, inda mishan ɗin SIM ya zauna tun kafin 1930, akwai wata hanyar dabam. Daga 1939 ƙungiyar Gospel Recordings ta birnin Los Angeles, wadda Joy Ridderhof ta kafa, ta dinga buga faya-fayan wa'azi cikin ɗaruruwan harsuna, har da Hausa, tana rarrabawa ta hannun mishan-mishan tare da ƙananan garmaho. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a ci karo da irinsu cikin kayan tsohon fasto.

To, yaya ake sanin darajar garmaho? Masu tara waɗannan kayayyaki a Turai da Amurka abu huɗu suke dubawa. Na farko, sunan kamfani da lambar samfuri, wadda akan samu a jikin ɗan ƙarfe ko takarda a cikin akwatin. Na biyu, yawansa a duniya. Misali, samfurin HMV 102, mai kama da jakar tafiya, an yi ta ƙera shi daga 1931 har wajen 1960, don haka baƙinsa ba ya wuyar samu, amma ja da shuɗi da kore sun fi tsada saboda ƙarancinsu. Na uku, cikar kayansa: mariƙin wani na asali, da kan da ke riƙe da allura, da tambarin da ke cikin murfi. Na huɗu, tarihinsa, watau wa ya saya, a ina, a wace shekara. Rasiɗin kantin UAC ko na John Holt, ko hoton mai shi yana zaune kusa da shi, yana ƙara masa kwarjini a idon mai saye. Tsufa kaɗai ba ya sa garmaho tsada, kuma wanda aka ce masa akwatin kakansa zai sayi gida, yaudararsa ake yi.

Mai saye ma sai ya yi hattara. Shekara da shekaru ana harhaɗa garmahon jabu a Indiya, mai ƙaton ƙaho na tagulla yana walƙiya, da tambarin kare sabo fil a gaba. Injin tsohon garmahon hannu ake cirowa a dasa cikin sabon katako. Ana gane shi ta mariƙin wani da ya fito a karkace, da rashin dacewar injin da mazauninsa, da kaushin aikin gwiwar ƙahon. Irin wannan ado ne na falo kurum, in aka ɗora masa faifai mai daraja ma lalata shi zai yi.

Wajen gyara kuwa, a nan ne aka fi yin ɓarna, garin neman gira a rasa ido. Magaji yakan ga akwati ya koɗe, sai ya kai wa kafinta ya goge shi da sanfefa ya shafa sabon fenti, alhali kuwa da wannan goge tambarin rabin kuɗin ya tafi. Abin da tsohon garmaho ke bukata kaɗan ne. Giris ɗin da ke cikin gidan sifirin yakan daskare bayan shekaru, shi ya sa ake jin injin yana buga ƙara yana tafiya. Sai a wanke shi da kananzir a sa sabo. Amma fa wannan ba aikin koyo ba ne, domin sifirin ɗin doguwar tsiri ce ta ƙarfe mai kaifi a naɗe, in ta kuɓuce tana iya yanke yatsa ko ta tsone ido. Tsohon mai gyaran agogo ko na keken ɗinki shi ya fi cancanta da aikin. Akwai kuma 'yan ƙwallaye na ƙarfe masu daidaita gudun faranti ya tsaya a juyi 78 cikin minti ɗaya, su ɗigon man keke kawai suke so. Robar da ke kewaye da siririn fallen da ke cikin kan allura takan bushe ta tsattsage, murya ta dinga karkarwa. Canza ta yana maido da sauti garau. Katakon kuwa abokan gabansa uku ne: gara, da laimar daminar Kagoro mai yawan ruwa, da bushewar hunturu.

Duk da haka, dukiyar gaske ba a akwatin take ba, tana cikin faya-fayin. Garmaho irin na gidan nan akwai dubbansa a Ingila, amma faifan da aka ɗauki muryar wani mawaƙin ƙasar nan watakila kaɗan ne suka rage a duniya. Tsakanin 1927 da 1930 kamfanin Zonophone ya ɗauki waƙoƙin mutanen Afirka ta Yamma a Landan cikin harsuna da dama, har da Hausa da Yarabanci, aka aiko da su nan don sayarwa, masu lamba da ta fara da EZ. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Decca ta fito da nata jerin masu lambar WA. Akwai kuma masu lambar GV na HMV, kiɗan ƙasar Kuba da ya cika gidajen rawa tun daga 1933. Kowane gefen faifai mai inci 10 minti uku ne ko ɗoriya kaɗan, shi ya sa mawaƙin da ya saba kwana yana waƙa dole ya dunƙule ta a gaban injin.

Waɗannan faya-fayi da wani irin ƙaro aka yi su, wanda ake samu daga wani ƙwaro a Indiya, an gauraya shi da garin dutse. Suna fashewa kamar tangaran, zafin rana yana tanƙwara su, sifirit kuma narkar da su yake yi, don haka ruwa kaɗan da tsumma mai laushi sun isa. A tsaye ake jera su, kowane cikin rigarsa. Allurar ƙarfe gefe ɗaya aka yi ta ta buga a jefar. Wanda ya yi tsumulmular allura faifansa yake karta. Haka nan kada a kuskura a ɗora faya-fayan roba na baya-bayan nan, masu juyi 33 ko 45, irin waɗanda aka buga waƙoƙin Alhaji Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos a kansu a shekarun 1970, domin allurar garmaho huɗa za ta yi a cikinsu.

Ba laifi ba ne magaji ya sayar da abin da ya gada, musamman a wannan zamani na tsadar rayuwa. Abin da ake so shi ne ya sayar da ido buɗe. Ya rubuta suna da lambar kowane faifai, ya ɗauki hotonsu, ya tambayi fiye da mutum ɗaya kafin ya sallama, kada kuma ya yarda a haɗa faya-fayin cikin cinikin akwati a matsayin gyara. Kafin su bar gidan, a sa wanda ya iya ya kwafi sautinsu a kwamfuta. In an sami na Hausa, ko na wani harshe na kudancin Kaduna, ya kamata a fara sanar da wuraren adana tarihi kamar Gidan Arewa a Kaduna ko gidan kayan tarihi na Jos, wanda aka buɗe tun 1952. Su ma hukumomin nan, da masarautar Kagoro da ke tara jama'a bikin Afan kowace ranar 1 ga Janairu, haƙƙinsu ne su yi kiran a fito da abin da ke ɓoye. Akwatin da aka sayar ana iya sayo wani irinsa, amma muryar da ta fashe a hannun yara ba ta da madadi. Da tsohuwar zuma ake magani.