Ciyawar Gidan Mai Kuɗi Da Gumin Yaran Katagum

'Yan'uwa mazauna Kudu, musamman mu da muka fito daga Azare da ƙasar Katagum. Yau ina so ne mu taɓa wata magana wadda muka fi son a bar ta a rufe, domin da hannunmu a ciki.

Duk wanda ke wucewa ta manyan unguwannin Legas ko Ibadan ya san yadda gyaran farfajiyar gida ya zama babbar sana'a: ciyawar ado, furanni, bulon intalok, tsakuwa mai launi. Mai gida zai ba kamfani kwangila, ya biya kuɗi masu kauri. To amma kamfanin nan ba shi ke renon furen ba, ba shi ke yasar yashi ba, ba shi ke fasa dutse ba. Daga masu lambun bakin titi yake sayo tsirrai, direban tifa ya kawo baƙar ƙasa da yashi, wani ya kawo kashin shanu daga kara, ɗan kamasho kuma ya kawo leburori. Idan ka bi layin nan har ƙarshensa, sau da yawa yaron Gamawa ko Shira ko Giyaɗe za ka tarar riƙe da shebur.

Aikin ba abin kunya ba ne, ci-rani gadonmu ne. Abin da ke damuna shi ne yadda ake ɗauko yaran. Da an gama girbi sai wani daga cikinmu ya je gida, ya tara samari a Azare, ya biya masu kuɗin mota, ya ajiye wa iyaye ɗan kafin alƙalami. Ranar da suka sauka, bashi ya hau kansu ke nan. Kuɗin mota bashi, wurin kwana bashi, garin rogon da za su jiƙa bashi, in baro ya karye shi ma a rubuta. Kuɗin aikin kuwa ba hannun yaro yake shiga ba, hannun wanda ya kawo shi, wai yana yi masa ajiya. Na san wani saurayi daga wajen Itas da ya yi wata biyar yana ɗura ƙasa a leda a wani lambun furanni, da Yuni ta kama ya ce zai koma noma, aka ce masa lissafi bai fita ba tukuna. Bana gonar tsohonsa ba ta ga garma a kan lokaci ba. Wanda ya riƙe shi ba Bayarabe ba ne, namu ne, tare muke cin tuwo.

Wani zai ce ai ba a ɗaure kowa da sarƙa ba. Gaskiya ne. Sai dai tun 1930 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fayyace aikin tilas da cewa duk aikin da aka sa mutum bisa barazana, ba da son ransa ba, kuma riƙe lada da ɗaure mutum da bashi suna cikin alamomin da take dubawa. A ƙiyasinta na 2021, mutum miliyan 27.6 ne ke cikin wannan hali a duniya. Nan gida ma sashe na 34 na tsarin mulkin 1999 ya haramta shi. A 2003 aka gano yara 'yan Jamhuriyar Benin suna haƙar tsakuwa a ramukan kusa da Abekuta, wasu ba su kai shekara 10 ba, aka mayar da kusan 200 gida. Tsakuwar nan gine-gine take tafiya, kuma masu saye ba su taɓa tambaya ba. A shekarar ce aka kafa hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane, aka sabunta dokarta a 2015.

To amma jama'a, doka ba ta cika isa bakin lambu ba. Ko mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka sa hannu a kai a 2024 bai hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, haka ma masu aikin jinga. Yaranmu kuwa a nan suke. Saboda haka ni a ganina gyaran a hannunmu yake, mu masu masauki da ƙungiyoyinmu.

Kamfanin da ke son wanke kansa abu ɗaya zai fara yi: ya biya lebura a hannunsa ko ta asusunsa, ɗan kamasho ya karɓi la'adarsa daban. Yanzu ko a Sakuwa akwai mai POS, ba sauran uzurin ajiya. Sannan manajan ya taka da ƙafarsa zuwa lambun da ramin yashin da yake saye, ba tare da sanarwa ba, ya ja yaro gefe ya tambaye shi yaushe rabonsa da kuɗi, kuma in ya so tafiya gobe akwai mai hana shi? Wannan bai kai kuɗin tifa ɗaya na baƙar ƙasa ba.

Namu ɓangaren ya fi wuya, domin kunya ce ke cinmu. Yaro ba ya iya kai ƙarar ɗan garinsu da ya gaisa da mahaifinsa. Shi ya sa nake ba da shawara duk wanda zai ɗauko samari daga gida ya kai su gaban Sarkin Hausawa ko shugaban ƙungiyar 'yan Katagum a ranar da suka sauka, a rubuta kuɗin motar nawa ne, a cikin mako nawa za a cire shi, nawa ne ladan yini, a ba yaro takardarsa da boko ko da ajami. Wanda bai kai shekara 18 ba kada a kai shi ramin yashi ko wurin fasa dutse sam. A kuma rubuta ranar sallama, ta zamo kafin ƙarshen Mayu, ko da sauran bashi ko babu. In akwai saura, a bi shi bayan kaka. Zan kawo maganar a taron ƙungiya mai zuwa, masu kawo leburori su zo da littattafan lissafinsu.