Rubutun talla: kasuwa da wayar hannu sun fi satifiket koyarwa

Kusan kowane mako sai wani sabon hoto ya ɓullo a guruf-guruf na WhatsApp da Telegram: kwas na 'yan kwanaki, a biya kuɗin rajista, a fito ƙwararren marubucin talla mai karɓar dala. Kuma matasa na biya, wasu da kuɗin da suka ware wa data, wasu da rance. Bayan an gama sai a turo musu satifiket mai ado da fayil ɗin PDF guda ɗaya. Ranar da wani ɗan kasuwa ya ce wa ɗayansu ya rubuta masa layi uku da za su sayar da takalmi, nan ido ke raina fata.

Rubutun talla sana'a ce da ake gane gwaninta da abu ɗaya: an saya ko ba a saya ba. Shi ya sa tana cikin sana'o'in da mutum zai iya koya wa kansa ba tare da ya zauna a aji ba, domin mai duba jarrabawar yana waje, kuma ba ya jin kunyar kowa. David Ogilvy, wanda har gobe ake koyar da aikinsa a makarantun talla, ya bar jami'ar Oxford bai karɓi digiri ba. Ya yi aikin kicin a wani otal a birnin Faris, sannan ya koma yawo gida-gida a Scotland yana tallar murhun girki na Aga. A 1935 ya rubuta wa sauran masu tallar murhun ɗan littafin yadda ake sayarwa, sai a 1948 ya buɗe kamfaninsa a New York. A bakin ƙofofin mutane ya koyi abin da ke sa uwar gida ta saurara da abin da ke sa ta rufe ƙofa.

Matashin da ke Kano ko Zinder ba ya bukatar zuwa Scotland neman irin wannan darasi. Mai tallar magani a tashar mota ya san cewa yana da daƙiƙa kaɗan kafin fasinja ya kau da kai, don haka ba ya fara da sunan maganin. Da ciwon yake farawa: bayan da ke riƙewa in an tashi daga zaune, cikin da ke kumburi bayan an ci abinci. Sai mutum ya ji kamar da shi ake, sannan a fito da kwalba. Akwai ƙarya da yawa a bakin wasu daga cikinsu, wannan ba abin koyi ba ne, amma tsarin maganar tasu shi ne abin da ake sayarwa a kwas da sunan sirrin Turawa.

A ɗauki misalin mai sayar da fawa bank a kasuwar waya ta Farm Centre. Abin da aka saba gani a status shi ne: "Muna da fawa bank masu inganci a farashi mai sauƙi, sai kun zo." Shago ɗari za su iya rubuta wannan jimlar, ba wanda zai tsaya a kanta. Wanda ya fara koyon aikin zai rubuta: "An ɗauke wuta tun magariba, wayarka na kan kashi 4? Wannan mai 20,000mAh ne, zai cika ta sau biyu har da ragowa." Na biyun ya ambaci lokaci, ya ambaci halin da mai karatu ya sha shiga, ya kuma ba da adadi.

A kan adadin nan ake gane wanda ya san kayansa. Lissafin gaggawa zai ce 20,000 a raba da batirin waya mai 5,000 ya ba da sau huɗu, kuma da yawa haka suke rubutawa. Ba haka yake ba. Batirin cikin fawa bank yana aiki ne a kan kusan volt 3.7, sai an ɗaga shi zuwa volt 5 ko fiye kafin ya bi waya, kuma wani kaso na tafiya a zafi. Abin da ke isa wayar bai cika wuce kashi biyu cikin uku ba. Wanda ya rubuta sau huɗu zai sayar a yau, bayan mako guda kwastoma ya dawo da kaya da faɗa, ɗan kasuwar kuma ya sallami marubucin. Babu kwas ɗin da zai koya wa mutum wannan, sai ya riƙe kayan a hannunsa ya tambayi mai shago abin da masu saye ke ƙorafi a kai.

Littattafan da suka kafa sana'ar ma ba su da tsada. Scientific Advertising na Claude Hopkins ya fito tun 1923, gajere ne, kuma ana samun sa kyauta a intanet. Hopkins yakan sa wata 'yar lamba daban a takardar da mai karatu zai yanko daga jarida ya aiko, don ya gane wace talla ce ta kawo ciniki. Yakan jira makonni kafin ya san sakamako. Yau status na WhatsApp yana nuna waɗanda suka kalla cikin awa 24, saƙonnin da suka shigo kuma ana iya ƙirga su da yatsa. Masu rubuta manhaja sun san ƙa'idar: in ana neman inda matsala take, abu ɗaya ake canjawa a lokaci guda. Haka talla. Yau a sauya layin farko kawai, a bar hoto da farashi yadda suke, a rubuta adadin waɗanda suka yi magana a littafi ko a Google Sheets. Wanda ya yi haka wata biyu da kayan yayarsa mai sayar da turaren wuta ya fi mai satifiket uku sanin abin da ke aiki.

Akwai kuma Meta Ad Library, rumbun da kowa zai iya buɗewa kyauta ya ga tallace-tallacen da ke gudana a Facebook da Instagram. A zaɓi Najeriya, a rubuta sunan kaya, sai su jero tare da ranar da kowacce ta fara. Tallar da ta yi watanni ana biya mata kuɗi, da wuya a ce asara take jawowa. Ita ce ta cancanci a kwafe ta da hannu a takarda, kamar yadda Gary Halbert ya shawarci ɗansa a wasiƙun da ya rubuta masa daga gidan yari a 1984, don hannu ya saba da tafiyar jimlar. A lura kuma da inda Facebook ke yanke rubutu ya ɓoye sauran: shawarar Meta ita ce kusan haruffa 125, wato duk abin da zai tsayar da babban yatsa dole ya shigo kafin nan.

To ChatGPT da 'yan uwansa fa? Suna da amfani wajen tara dabaru da gyara Turanci. Hausar tallarsu kuwa har yanzu tana ɗauke da ƙamshin fassara, irin su "buɗe ƙarfin wayarka" da babu Bahaushen da zai faɗa wa abokinsa. A nan ne matashin da ya tashi yana jin cinikin kasuwa da tallar rediyo yake da abin da ba a saukewa daga Play Store.

Gaskiya ne aji na da abin da mai koyon kansa ke rasawa. Na farko shi ne wanda zai dubi aikin ya ce wannan bai yi ba. Ana iya cike wannan gurbin da mutum biyu ko uku masu koyo tare, ko da tsohon ɗan kasuwar da ba ya ɓoye ra'ayinsa. Na biyun ya fi haɗari, wato doka. A Najeriya, dokar 2022 ta kafa hukumar ARCON a madadin APCON don kula da harkar talla, kuma tallar magani, abinci ko kayan shafawa tana bukatar izinin NAFDAC. Sabon marubuci yakan fi samun tayin aiki daga masu maganin ƙiba, maganin ƙarin ƙarfi da man bilicin, saboda su ne ke da kuɗin talla a hannu. Kafin ya karɓi irin wannan aikin, ya nemi lambar rajistar NAFDAC ta kayan da takardar izinin tallar. In mai kayan ya fara kame-kame, gara ya koma wurin mai fawa bank.