Wa ya yi musu tambaya kafin a miƙa musu tuta?

'Yan uwa, duk lokacin da zaɓen shugaban ƙasa ya matso sai a fara kukan cewa wane ya ƙi zuwa muhawara. An yi kukan a 2011 da Jonathan ya ƙaurace wa ta gidan talabijin na NN24, aka sake yi a 2015 da Buhari ya ƙi zuwa. A Janairun 2019 Atiku har ya isa wurin taron a Abuja, da ya ga babu Buhari ya juya, aka bar Oby Ezekwesili da Kingsley Moghalu da Fela Durotoye su uku. A gani na wannan kuka ne bayan hari. Lokacin da ake aika musu takardar gayyata an riga an gama ciniki. Muhawarar da za ta amfane mu ita ce ta masu neman tuta a cikin jam'iyya ɗaya, kafin zaɓen fidda gwani, kuma ita ce manyan jam'iyyunmu ba sa shiryawa.

Mu tuna yadda aka yi a 2022. APC ta sayar da fom ɗinta naira miliyan 100, PDP miliyan 40. Dokar zaɓe ta waccan shekara ta bar zaɓaɓɓun daliget kaɗai su kaɗa ƙuri'a, wato uku daga kowace ƙaramar hukuma a APC, ɗaya a PDP, ƙananan hukumomin kuwa 774 ne. Ranar 28 ga Mayu Atiku ya samu ƙuri'a 371, Wike 237, bayan Tambuwal ya hau mumbari ya janye wa Atiku. Ranar 8 ga Yuni aka bayyana Tinubu da 1,271, Amaechi 316, Osinbajo 235. A ƙasar da masu rajistar zaɓe suka haura miliyan 93, mutanen da duka-duka ba su kai dubu huɗu ba ne suka tsayar mana da waɗannan biyun.

To, wanda yake neman ƙuri'ar mutum dubu biyu, me zai kai shi gaban kyamara? Dabarar kamfe ɗinsa a fili take. Ya ɗauki hayar jirgi ya bi gidajen gwamnati ɗaya bayan ɗaya, don daliget na hannun gwamna. Ya kai gaisuwa fadar sarki a ɗauki hoto. Ya kama wa daliget otal a Abuja. Jaridu sun cika da labarin rabon dala, har jami'an EFCC suka bayyana a filin taron PDP, kuma Mohammed Hayatu-Deen ya janye daga takarar yana cewa kuɗi sun lalata ta. Abin da talaka ya samu shi ne jawabin 'yan mintuna cikin dare a dandalin Eagle Square, babu mai tambaya, babu mai mayar da martani, wasu ma sun hau ne kawai don su ce sun janye.

Ranar taron ma makami ce. INEC ta ce a kammala fidda gwani zuwa 3 ga Yuni, jam'iyyu suka roƙa aka ƙara zuwa 9 ga wata, nan take APC ta ɗage taronta daga ƙarshen Mayu, ta jira ta ga wanda PDP ta tsayar. Ana gab da fara taron shugaban jam'iyyar, Abdullahi Adamu, ya ce Ahmad Lawan ne ɗan takarar maslaha, gwamnonin Arewa suka ce ba su yarda ba. Duk wannan ja-in-ja a ɗakuna aka yi shi.

Za a ce mini a Amurka ma ana maguɗin jadawali. Gaskiya ne, kuma shi ya sa nake cewa kada a bar wa shugabannin jam'iyya sa rana. A 2015 jam'iyyar Democrat ta tsara muhawara shida kacal, ta sa wasu a daren Asabar, ɗaya ma ranar 19 ga Disamba ana hidimar Kirsimeti, sannan ta ce duk wanda ya je muhawarar da ba tata ba za a hana shi shiga nata. Bernie Sanders da Martin O'Malley suka yi ta ƙorafin ana kare Hillary Clinton ne. Trump kuwa a 2023 ya ƙi zuwa ko ɗaya daga cikin na jam'iyyarsa, don yana kan gaba. Ko'ina mai rinjaye ba ya son tambaya. Amma ku dubi abin da ya biyo baya a 2024. Biden ya lashe zaɓukan fidda gwani na Democrat ba tare da ya tsaya muhawara da kowa ba. Ranar 27 ga Yuni ya haɗu da Trump a Atlanta, duniya ta ga halin da yake ciki, ranar 21 ga Yuli ya janye. Abin da jam'iyyar ta ƙi dubawa a cikin gida, ta gan shi a kasuwa, lokaci ya ƙure.

Wani kuma zai ce muhawara ta masu baki ce da Turanci, mai aiki ba lallai ya iya magana ba. Wannan uzuri ya tsufa. Sashen Hausa na BBC ya sha tara 'yan takarar gwamna a Kano da wasu jihohi da Hausa, jama'a suka saurara. Me zai hana a yi zagaye da Hausa, da Yarbanci, da Ibo, da Turancin buroka, da tafinta ga wanda ba ya ji? Wanda ba zai iya bayyana abin da zai yi da farashin mai cikin minti biyu ba, ni dai ban yarda ya san abin da zai yi ba.

Mu da muke zaune a Kudu mun fi kowa asara a wannan tsari. Daliget ɗin ƙaramar hukumar da kake zaune da wuya ya zama naka, na garinku kuma ba ya tuna da kai. Ranar 1 ga Yuni 2022, tsakanin taron PDP da na APC, dokar hana acaɓa ta fara aiki a ƙananan hukumomi shida na Legas, samarinmu da yawa suka rasa abin yi. Kafin nan, a Fabrairun 2021, an yi rikicin kasuwar Shasha a Ibadan. Wa ya tsayar da masu neman tuta ya tambaye su me za su yi da batun ɗan ƙasa da baƙo? Sashe na 41 na tsarin mulki ya ba kowane ɗan Najeriya 'yancin zama inda ya so, sashe na 43 ya ba shi 'yancin mallakar fili da gida ko'ina. Mutumin da aka haifi kakansa a Sabo ko Agege har yanzu ana tura shi wata jiha neman takardar ɗan asali. Irin wannan tambaya ba ta tasowa a ɗakin otal da daliget.

Na san muhawara ba za ta hana rabon dala ba. Amma daliget zai koma unguwarsu, kuma idan mutanen unguwar sun ji da kunnensu yadda gwaninsa ya kasa amsa, aƙalla akwai wanda zai tare shi a bakin hanya.

Abin da nake nema bai da yawa. Majalisa ta sa a doka cewa duk jam'iyyar da za ta tsayar da ɗan takarar shugaban ƙasa sai ta yi muhawara aƙalla uku tsakanin rufe sayar da fom da ranar fidda gwani. INEC ta sa ranakun a jadawalinta tun farko, a yi da yamma bayan an tashi daga kasuwa, rediyo ya ɗauka kai tsaye. Wanda ya ƙi zuwa a cire sunansa.

Kafin majalisa ta motsa, akwai abin da ke hannunmu. Masu neman takara da wakilansu za su zo fadar Sarkin Hausawa da shugabannin kasuwa, da buhunan shinkafa da masu ɗaukar hoto, kamar yadda suka saba. Ina roƙon iyayenmu, kafin a ce musu muna tare da ku, a tambaye su a gaban jama'a ranar da za su zauna da abokan takararsu su amsa tambayoyi, a rubuta amsar, mu sa ta a wannan shafi.