A Je Bakin Tafki A Yi Tattaki, Amma Kada A Shiga Ruwan

 A ɗakin awon ciki babu ranar da ba na ce wa mata su riƙa motsa jiki, kuma amsar da nake samu kusan iri ɗaya ce: “Sista, ai aikin gida ma motsa jiki ne, kuma ina za mu je?” Gaskiya ne shara da wanki da girki suna gajiyar da mutum, amma mafi yawansu a tsaye ko a duƙe ake yin su wuri ɗaya. Abin da zuciya da jijiyoyin jini suke bukata shi ne tafiya mai ɗan tsawo ba tare da yawan tsayawa ba. Ita kuwa tambayar ina za a je, mu da muke zaune a Jos da kewaye amsarta tana bayan gidajenmu.

Garin Jos yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga saman teku, duwatsun Shere kuwa sun haura mita 1,800. Wannan ne ya sa iskarmu take da sanyi, mutum yana iya tafiya da hantsi ba tare da zafi ya galabaita shi ba. Bugu da ƙari, haƙar kuza da Turawa suka fara tun farkon shekarun 1900 ta bar manyan ramuka a wajen Rayfield da Bukuru da Barikin Ladi, waɗanda ruwa ya cika suka zama ƙananan tafkuna. Wasu an gyara bakinsu an mai da su wurin shaƙatawa, wasu kuma suna nan yadda aka bar su.

A nawa ra'ayin, ya kamata iyalai su riƙa fita irin waɗannan wurare, ko da sau ɗaya ne a mako. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, kuma a ƙa'idojinta na 2020 ta haɗa har da mata masu juna biyu da masu jego da ba su da wata matsala. Wato minti 30 a rana, kwana biyar. Tattaki yana taimakawa wajen saukar da hawan jini, yana sa jiki ya yi amfani da sukari yadda ya kamata, yana kuma gyara barci. Ga mai ciki yana rage taurin bayan gida da haɗarin ciwon sukarin da ke zuwa da ciki. Haka zalika, matar da ta yi mako guda tsakanin madafa da ɗaki tana bukatar ta ga fili ta shaƙi iska. Masu cewa wannan al'adar Turawa ce sun manta iyayenmu mata da ƙafa suke zuwa gona da kasuwa.

To amma akwai wani hanzari. Ruwan waɗannan tafkuna na kallo ne, kada a shiga. Bayan wata Sallah an kawo mana wata matashiya mai cikin wata biyar, hankalinta a tashe saboda ta ga jini, tana zaton ɓari ne. Da muka duba sai muka tarar lafiyar cikin kalau, jinin da fitsari yake fitowa. Gwaji ya nuna tsargiya ce. Da muka bi diddigi, ashe ta saba duk lokacin da suka fita da ƙawayenta sai ta tsoma ƙafafu a ruwa, ta wanke kwanukan abinci, ta kuma yi alwala a nan.

Ƙwayar tsargiya tana girma ne a jikin wata ƙaramar katantanwa da ke zama a ruwa mai kwanciya. Idan ta fito takan huda fatar mutum ta shiga jini, ko da babu ciwo a fatar, kuma ba sai an sha ruwan ba. Bayan makonni ko watanni sai a fara ganin jini a ƙarshen fitsari. Kuskure ne a ɗauka wannan alamar balaga ce ga yaro namiji, kamar yadda wasu ke cewa. A jikin mace cutar tana iya taɓa bakin mahaifa da hanyar ƙwai, ta kawo ciwon mara da zubar jini bayan saduwa, har ma da matsalar haihuwa. Da ido ba a gane tafkin da ke ɗauke da ita, domin ruwan yana iya kasancewa garau. Maganinta firazikwantel ne, ana auna shi bisa nauyin mutum, kuma ana iya ba mai ciki ƙarƙashin kulawar likita.

Haɗari na biyu shi ne nutsewa. Ramin kuza ba kamar rafi ba ne da zurfinsa ke ƙaruwa a hankali. Taku biyu daga baki sai ƙasa ta ɓace, ga laka a ƙarƙashi, ga ruwan da sanyi, gefen kuma yana iya zaftarewa musamman da damina. Yaro yana nutsewa cikin ɗan lokaci kuma yawanci ba ya iya ihu. Saboda haka kada a ɗora wa yayarsa 'yar shekara goma kula da shi. Babba ɗaya ya ajiye hira da waya, aikinsa kawai sa ido.

Wasu abokan aikina suna ganin tunda haɗarin ya kai haka, gara a hana mutane zuwa baki ɗaya. Na fahimci damuwarsu, amma ban yarda ba. Matasa za su je ko an hana su, sai dai su je a ɓoye babu babba. Hawan jini da ciwon sukari kuma suna nan suna cika mana gadaje. Gara mu koya wa mutane yadda za su je lafiya.

Don haka idan za a fita, a zaɓi wurin da aka sani kuma ake samun jama'a, a shimfiɗa tabarma nesa da bakin ruwa. A tafi da ruwan sha da na wanke hannu da na alwala daga gida. Dafaffiyar shinkafa da nama kada su wuce awa biyu a ajiye kafin a ci. A sa takalmi rufaffe saboda duwatsu da macizai, mai ciwon sukari kuma ya riƙe ɗan abin ci, ya duba ƙafafunsa idan an dawo. Da hunturu a sa wa yara rigar sanyi, a kuma bar wurin kafin magariba saboda sauro.

Ke kuma mai juna biyu, ki bi shimfiɗaɗɗiyar hanya, ki bar hawan dutse, ki yi tafiyar da za ki iya hira ba tare da haki ba. Idan kika ga jini, ko ruwa ya fashe, ko jiri, ko ciwon ƙirji, ko ciwon mara mai zuwa yana dawowa, ki tsaya a kawo ki asibiti. Wadda aka ce jininta ya hau, ko mabiyiya ta tare bakin mahaifa, ta fara tambayarmu kafin ta fita.

Daga ƙarshe, duk wanda ya taɓa shiga irin wannan ruwa, ko yake ganin jini a fitsarinsa ko na ɗansa, ya zo a yi gwajin fitsari, kada ya tsaya sayen magani a kemis. Allah Ya ƙara mana lafiya, amin.